Tambaya da Amsa: Kawu, zan iya hawa Ben Nevis ni kaɗai na sauko a rana ɗaya?

Wasiƙu uku muka ɗauka wannan makon, duk akan hawan dutse. Ta farkon ce ta fi cin wuri dan ita ce mai haɗari a ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya ƙoƙari. Ni ɗan Zariya ne ina karatun digiri na biyu a Glasgow, shekarata 27. Wlh tunda nazo ƙasar nan daga ɗaki sai laburare sai wajen aiki, gashi karatu ya kusa ƙarewa ban ga komai ba, shine nace kafin na koma gida inaso na hau Ben Nevis tunda ance shine dutse mafi tsawo a duk Birtaniya. Matsalar abokaina duk sun zame, wani yace shi bai zo Turai dan ya faɗo daga dutse ba, wani kuma aiki baya barinsa, toh ni na ƙudurta ko ni kaɗai sai naje. Na saba hawa Kufena tun ina sakandare, ina buga ƙwallo duk Lahadi kuma bana shan taba. Shirina shine na shiga jirgin ƙasa da safe na hau dutsen na sauko na dawo Glasgow a daren saboda tsadar otal, cikin Nuwamba lokacin bikin yaye mu, a ƙarshen Agusta zan miƙa aikin bincikena. Ina da kambas mai kyau da wandon jins da jaket mai kauri, ga Google Maps a waya. Sannan ni AS ne ko akwai matsala? da kuma maganar sallah a can sama. Dan Allah Kawu a bani shawara amma kada ace kar naje dan zuwa kam zanje. Daga wani ɗalibi a Glasgow.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ba zan ce kar kaje ba, na san halinku, ranar da aka ce kar ku je ranar kuke sammako. Kaje. Amma wannan shirin da ka zano min kusan komai a cikinsa sai an sauya, wata da jirgi da wando da takalmi da wayar ma, abinda ya rage daidai shine niyyar da kuma rashin shan tabar.

Mu fara da dutsen kansa. Tsawonsa mita 1,345 ne bisa awon da hukumar safiyo ta Birtaniya ta fitar a 2016. Wanda ya san gida zai ce yo wannan har wani tsawo ne, ai garin Jos ma yana kan mita 1,200 da wani abu, duwatsun Shere kuwa sun haura 1,800. Haka ne, amma mai zuwa Jos mota ce ke kai shi saman. Shi Ben Nevis daga bakin teku yake tasowa, garin Fort William a gaɓar ruwan gishiri yake, inda zaka fara takawa a kwarin Glen Nevis kusan matakin teku ne, ma'ana duk mita 1,300 da ɗoriyan nan a cinyarka zasu fito sannan ka sake sauko dasu a gwiwarka. Kufena ban raina shi ba amma ana hawansa a sauko a je a karya kumallo, wannan yini ne sukutum. Zuwa da dawowa kusan kilomita 17 ne, kuma yawancin mutane awa 7 zuwa 9 suke yi. Akwai wani lissafi da masu hawan dutse ke amfani dashi tun 1892, wani ɗan ƙasar mai suna William Naismith ya fito dashi: ka ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In ka buga zai baka awa biyar da rabi da ɗan wani abu, amma wannan lissafin mutum ne wanda ya saba, baya tsayawa hutu baya cin abinci baya ɗaukan hoto. Kai ka rubuta awa 9 a ranka, in ka gama kafin nan ka gode Allah.

Toh ka ga maganar jirgin safe ta mutu kenan. Daga tashar Queen Street ta Glasgow zuwa Fort William kusan awa huɗu ne, daga tasha zuwa gindin dutsen kuma akwai tafiyar kamar kilomita uku, kafin ka ɗaura takalmi rana ta raba. Wanda ya fara hawa da azahar da agogon jirgin komawa a kansa shine yake gudu a gangara, kuma a gangara ake karyewa. Ka kwana a can. Akwai ɗakunan kwanan matafiya masu gado sama da ƙasa, har da wanda ke cikin Glen Nevis ɗin daf da hanyar, sun fi otal sauƙi nesa ba kusa ba sai dai ka kama tun da wuri dan suna cika. Ka fara takawa bakwai da rabi ko takwas na safe.

Nuwamba kuwa a'a. Wannan ba shawara bace, a'a ce kawai. A tsakiyar Nuwamba rana tana fitowa wajen takwas ta faɗi wajen huɗu da 'yan mintoci, hasken awa takwas kenan ga tafiyar da zata iya cin tara, kuma lokacin sama ta riga ta fara ɗaukar dusar ƙanƙara, hawa ne na masu gatarin ƙanƙara da ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, waɗanda suka koyi aiki dasu. Tunda a ƙarshen Agusta zaka miƙa aikinka, kaje a satin farko ko na biyu na Satumba, rana bata faɗuwa sai wajen takwas na dare kuma hanyar cike take da mutane. Abinda yasa na yarda da tafiyarka kai kaɗai ma kenan, sama da mutum 100,000 ke hawa dutsen nan duk shekara kuma mafi yawansu tsakanin Yuni da Satumba, in ka faɗi akan hanya wani zai ganka. Ka dai kauce wa Asabar ta farko a Satumba in baka son cunkoso, ranar ake tseren Ben Nevis. Wani Kenny Stuart a 1984 ya hau ya sauko cikin awa ɗaya da minti 25 da 'yan daƙiƙu, na faɗa maka ne dan kasha mamaki ba dan ka gwada ba.

Kuma kar ka tsayar da rana ɗaya tak kace ko ana ha maza ha mata ranar zan hau. Ka ware kwana biyu ko uku ka zaɓi wadda sama tayi kyau. Hasashen yanayin da ke wayarka na gari ne, kai na dutse kake buƙata, hukumar Met Office tana fitar da na duwatsu daban, akwai kuma shafin MWIS mai hasashen yanayin duwatsu, ka duba da daddare ka sake dubawa da safe. Abu biyu zaka nema a ciki, ƙarfin iska a ƙololuwa da kuma inda gajimare zai sauko ya tsaya. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri shida da rabi, kenan in ana digiri 13 a Fort William sama tana wajen 4 ko 5 tun kafin iska ta saka hannu. Daga 1883 zuwa 1904 akwai tashar auna yanayi a can ƙololuwar, mutane suna kwana suna tashi a ciki rani da damina suna rubuta awo duk bayan awa ɗaya, kuma abinda suka samu shine in aka haɗa shekara gaba ɗaya matsakaicin sanyin wurin yana ƙasa da sifili kaɗan, ruwan sama kuma ya haura milimita 4,000 a shekara, ninki biyu na abinda ke sauka a garin da ke gindinsa. Hanyar da zaka bi ma dan su aka yi ta, ta dawakan da ke kai musu kaya ce. Kangon ginin yana nan zaka ganshi.

Shi yasa jins ɗin nan zaka barshi a Glasgow. Auduga in ta jiƙe, da ruwa ko da guminka, bata bushewa kuma tana zuƙe ɗumin jiki, sai ka tsaya hutu iska ta buge ka ka fara karkarwa. Jaket ɗaya mai kauri shima ba dabara bace, zaka yi zufa a ciki a awa ta farko ka cire ka rasa abin sakawa. Ka saka kaya hawa hawa, 'yar ciki irin ta ƙwallo wadda ba auduga ba, kana da ita ai, sai suwaita mai ɗumi, sai rigar ruwa mai hula wadda iska bata ratsawa, da wandon ruwa a jaka. Hular sanyi, safar hannu, da wata suwaitar ta daban a cikin leda wadda ba zaka taɓa ba sai in abu ya ɓaci. Kambas kuma, rabin hanyar na sama duk tsakuwa ce da fasassun duwatsu masu motsi ƙarƙashin ƙafa, kana buƙatar but mai riƙe idon sawu mai ƙasa mai kama dutse, kuma ka saye shi yanzu ka yi ta yawo dashi cikin gari, kar ka buɗe kwali ranar hawa. Shagunan gwanjo na can suna da irin kayan nan da araha.

Ga yadda hanyar take. Daga cibiyar baƙi ta Glen Nevis, inda banɗaki na ƙarshe yake dan a kan dutsen babu, zaka tsallaka gadar kogi ka fara hawa matakalan dutse. Anan samari irinka masu ƙwallon Lahadi suke ƙona kansu, suna wuce tsofaffi suna murmushi, bayan awa biyu tsofaffin su zo su wuce su a zaune. Ka yi tafiyar da zaka iya magana a cikinta ba tare da haki ba. Wajen mita 570 zaka ga wani ƙaramin tafki a gefe, mutane suna kiransa tafkin rabin hanya amma bai kai rabi ba, sai ka tsallaka ƙoramar da ake kira Red Burn sannan zaka ce ka raba. Daga nan ciyawa ta ƙare, hanya ta koma kwana kwana tana lanƙwasa hagu da dama cikin duwatsu, kuma duk tudun da ka hango zaka ɗauka shine ƙarshe ka isa ka ga wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka karanta sau biyu. Saman Ben Nevis ba tsini bane, fili ne mai faɗi na duwatsu, kuma gefensa na arewa a yanke yake, gangare ne tsaye na sama da mita 600. Hanyar tana wucewa daf da bakin wasu kwazazzabai guda biyu, Tower Gully da Gardyloo Gully, 'yan taku kaɗan ne tsakaninka dasu. In sama a buɗe take ba komai, kana ganinsu ka kauce. Amma mafi yawan ranakun shekara gajimare ne ke zaune a wurin, kana iya miƙa hannu ka ga yatsunka amma baka ganin mutumin da ke gabanka, kuma in akwai sauran dusar ƙanƙara tana taruwa a bakin ramin ta yi leɓe ta zarce dutsen, kana gani kamar ƙasa ce alhali ƙarƙashinta iska ce. An jera tarin duwatsu a matsayin alama, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wajen saukowa kuma akwai tarko na biyu, mutum yana tsoron ramin arewa da ke damansa sai ya yi ta karkata hagu har ya faɗa wani kwazazzabon da ake kira Five Finger Gully, wanda daga sama yake kama da hanya mai sauƙi, kuma ya ci rayuka. Shi yasa masu ceto suka fitar da awo na kamfas: daga ginshiƙin safiyo na ƙololuwa ka bi digiri 231 na tsawon mita 150, sannan ka juya digiri 282 ka miƙe. Ka rubuta a takarda ka saka a leda. Amma lambar bata da amfani in baka taɓa riƙe kamfas ba, ka saya ka je filin shaƙatawa a Glasgow ka koya, ka kuma ƙirga taku nawa kake yi a mita 100. Google Maps na titi ne, ba zai nuna maka inda ƙasa ta yanke ba, ga sanyi yana shanye batir kamar me. Ka sayi taswirar takarda ta Ordnance Survey mai lamba 392, ka sauke wata a waya wadda ke aiki ba data, ka riƙe fawa bank a aljihun ciki inda ɗumin jikinka yake.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita na zaɓi wasiƙarka. Mai tafiya da aboki yana da wanda zai kalle shi yace kai wane bakinka ya fara nauyi, mu juya. Kai baka da shi. Kuma sanyi in ya shiga jiki hankali yake fara taɓawa, karkarwa, tuntuɓe, hannu ya kasa jan zif, magana ta fara sarƙewa, kuma mai wannan halin shine mutum na ƙarshe da zai yarda akwai matsala. Ga gajiya, ga kuɗin jirgi da ka kashe, ga abokan da suka ƙi zuwa kana son ka tura musu hoto, duk zasu taru suna ce maka saura kaɗan. Dan haka hukuncin juyawa ba a kan dutse ake yanke shi ba, a ɗaki ake yankewa da daddare ciki a ƙoshe jiki da ɗumi. Ka ce ƙarfe ɗaya da rabi na rana duk inda nake zan juya, ko da ina hango kangon tashar. Ka ce in na kai ƙarshen kwana kwanan nan na ga bana iya hango tarin duwatsu na gaba daga wanda nake tsaye, zan juya. In iska ta fara ture ni daga taku, zan juya. Ka saka ƙararrawa a waya. Lokacin da ta buga ba shawara zaka sake yi da kanka ba, an gama shawara jiya. Ni a ganina wanda bai iya wannan ba bai kamata ya hau dutse shi kaɗai ba ko da ƙarfinsa ya kai na doki, wanda ya iya kuwa ya fi taron mutum biyar da ba mai iya cewa a koma.

Kafin ka fita ka tura wa mutum ɗaya mai hankali, ba guruf ba dan a guruf kowa zai ɗauka wani zai kula, ka gaya masa hanyar da zaka bi, lokacin da ka fara, da lokacin da in bai ji ka ba zai kira 999 ya nemi 'yan sanda yace musu masu ceton kan dutse ake buƙata. Kaima haka zaka yi in ka makale. Ka tura kalmar register zuwa 999 ta tes tun kana gida, dan wani lokacin sabis baya ɗaukar kira amma tes yana fita. Masu ceton yankin Lochaber, inda dutsen yake, 'yan sa kai ne, ba a biyansu kuma ba zasu caje ka ba, kar tsoron kuɗi ko na biza ya hana ka kira, na san tunanin ɗalibanmu. Amma kafin su iso inda kake awanni ne, shi yasa suwaitar ledar nan da jakar leda ta gaggawa da ake shiga ciki, da tocilan goshi ko da kana ganin da rana zaka dawo, da usur. Busa shida, ka jira minti ɗaya, ka sake, ita ce alamar neman taimako. Kuma in ka ji wani a intanet yana yabon hanyar Carn Mor Dearg yana cewa ta fi kyau, gaskiya ya faɗa, amma siririn ƙashin bayan dutse ne mai rami hagu da dama, ba taka bace yanzu.

Ruwa lita biyu zuwa uku, da shayi a ƙaramin fulas in jaka zata ɗauka. Abinci kuwa namu ya fi nasu dacewa wlh, dabino, gyaɗa, dambun nama ko kilishi in kana da mai aiko maka, burodi da ƙwai. Ka ci kaɗan kaɗan duk awa tun kafin yunwa tazo. Ba ranar azumin nafila bace.

Maganar AS. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa a tsauni yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, Ben Nevis bai kai nan ba, kuma masu AS da yawa suna wasanni masu wahala lafiya lau. Inda ake samun matsala shine in aka haɗa wahala mai tsanani da ƙishirwa da ƙin hutawa, dan haka kasha ruwa, kar ka yi tsere da kowa, in kaji ciwo mai tsanani a tsoka ko a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko fitsari ya koma kalar shayi, ka tsaya ka nemi taimako. Ka gaya wa likitanka kafin ka tafi tunda ganinsa ba kuɗi zaka biya ba. Masu SS da ke karanta wannan kuma, ku taku daban ce, sanyi da ƙishirwa da gajiya su ne ainihin masu tayar da ciwon, kar ku ɗauki amsar da na bashi ku yi aiki da ita.

Sallah bata da wuya. A farkon Satumba azahar tana shiga wajen ɗaya da minti ashirin, la'asar wajen biyar, magariba wajen takwas, kuma daga Glasgow zuwa Fort William ya haura kilomita 160, ka wuce nisan ƙasaru sosai, ka tambayi malaminka yadda zaka haɗa. Alƙibla kudu maso gabas take, ga kamfas a hannunka. Shawarata kar ka tsaya cire safa kana alwala da ruwan sanyi a ƙololuwa cikin iska, ka riƙe alwalarka in zaka iya, ko ka sauko ƙasa wajen tafkin nan inda akwai ciyawa da ruwa ka yi a natse, gefen hanya ba bakin rami ba. Ba wanda zai kula ka, sun saba gani. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai, ka rubuto mana.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester shekarata 41. Watan jiya na hau dutsen Snowdon na yankin Wales ta hanyar Llanberis, hawan bai bani wuya sosai ba amma saukowa wlh kamar nayi kuka, gwiwa kamar zata cire, kwana uku ina sallah a zaune kuma farcen babban yatsana ya yi baƙi. Meye dalili? kuma abayata ta dame ni da iska. Maigida ya yarda na gwada Ben Nevis amma shi baya hawa ko bene sai da lifta.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, mita 1,085 ba wasa bane. Ke da kike asibiti kin fi ni sanin sunan abin, amma a taƙaice wajen hawa tsokar cinya tana takurewa ne tana ɗaga ki, wahalar a huhu da zuciya take. Wajen sauka kuwa tsokar tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyinki, birki take takawa a kowane taku, kuma wannan shine ke yi mata ƙananan tsage tsagen da ciwonsu baya fitowa sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Maganinsa sabo ne, kuma abin daɗin shine jiki yana saurin koyo, sauka ta biyu bata kai ta farko zafi ba. Ki riƙa sauka benen asibitinku da ƙafa ba hawa kawai ba, da jaka a baya in da hali, na wasu makonni. Ki sayi sandunan dogarawa guda biyu, ki ƙara musu tsawo wajen sauka, ki riƙa gajeren taku gwiwa a ɗan lanƙwashe. In gwiwar ta kumbura ko tana maƙalewa wannan kuma ba ciwon gajiya bane, a duba ta.

Farce kuwa takalmi ne, ƙafa tana zamewa gaba tana dukan bakinsa sau dubbai. Ki yanke farce kwana biyu kafin tafiya, takalmin ya ɗara ƙafarki kaɗan yadda yatsu zasu yi motsi, kuma kafin ki fara sauka ki zauna ki sake ɗaure igiyar tamau wajen idon sawu. Abaya mai jan ƙasa haɗari ce a gangara, tana rufe miki inda zaki taka kuma iska tana cika ta. Riga mai kaiwa gwiwa akan wando mai faɗi, da hijabin wasanni da ake zurawa ba mai fil ba, sai hular rigar ruwa a kai, sutura ta cika. Ki tuna Snowdon yana da jirgin ƙasa tun 1896 da wurin shan shayi a sama, Ben Nevis ba ko ɗaya, duk wanda ya hau da ƙafarsa zai sauko. Tunda Alhaji ɗan lifta ne, ki nemi ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, suna shirya tafiye tafiye a duwatsun Birtaniya kuma mata suna da yawa a ciki. Ɗalibin Glasgow kaima wannan ta shafe ka.

TAMBAYA: Kawu kullum duwatsun Turawa, namu fa? Ina Yola, inaso na hau Chappal Waddi ni kaɗai na dawo a ranar, zai yiwu?

AMSA: Ba zai yiwu ba ɗan'uwa, ta ko'ina. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419 ne, ba wanda ya kai shi a Najeriya, yana jihar Taraba akan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka Gumti, gandun da ya haura murabba'in kilomita 6,000. Isa gindinsa kaɗai tafiya ce, mota ta ƙare a koma babur, babur ya ƙare a koma ƙafa, hawan da saukar kwanaki ake yi ana kwana a hanya. Kuma gandun gwamnati ne, ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatansa, ofishinsu yana Serti, daga nan zaka fara. Ka nufi tsakanin Disamba da Maris lokacin da rafuka suka janye, ka tafi da bargo dan dare a can sama sanyi ne na gaske. In na yini ɗaya kake so duwatsun Shere a Jos sun ishe ka, amma nan ma ban ce kai kaɗai ba, abinda na yarje wa na Glasgow na yarje ne saboda hanya ce guda mai cike da mutane ga masu ceto a ƙasa suna jiran kira. A gida ka fara gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, ka tambayi yadda tsaro yake a satin, ka ɗauki ɗan gari ya raka ka ka biya shi hakkinsa, ku fita da asuba kafin rana ta buɗe.

Masu tambaya akan Dutsen Hira da Sauru lokacin Umara, wasiƙunku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.